Sau Bakwai Malam Hamadu Ya Yi Kira

Da hantsi aka kawo Nafisatu ƙaramin asibitin unguwa, wata ranar Talata cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Garuwa ke sa ko ƙadangare ya nemi inuwa. Mahaifiyarta, Inna Iyatu, ce ta rako ta, ɗauke da kwandon zannuwa da filas ɗin ruwan zafi. Cikin fari ne. Mijinta Taufiƙ yana garin Maga, ya je lodin shinkafa. An buga masa waya ya kamo hanya, amma kowa ya san ba zai iso da rana ba.

Aka ba ta gadon da ke kusa da taga. Ta hau, ta juya fuska ga bango, ta cusa gefen mayafinta a baki. Daga nan ba wanda ya ƙara jin ko tarinta. In ciwon ya taso, sai dai ka ga yatsun ƙafarta sun lanƙwashe, zufa ta tsattsafo mata a wuya. A gidajenmu haka ake koya wa 'ya mace: mai naƙuda ba ta kuka, wadda ta yi kuwa har 'ya'yanta sai an yi musu gori.

Ungozomar da ke aiki ranar ita ce Madam Anne, doguwar mace mai furfura a goshi, wadda ta yi shekara ashirin da biyu tana karɓar haihuwa. Fulatanci take yi kamar ruwa. Hausarta kuwa ta kasuwa ce, tana tafe tana tuntuɓe, amma ana ganewa. Wajen sha ɗaya ta sake duba Nafisatu, ta cire safar hannu, ta girgiza kai.

"Yaro lafiya lau, zuciya tana bugawa da kyau. Amma kai bai sauko ba. Inda na bar shi da safe, nan na same shi. Ma fille, 'yata, tashi ki yi tafiya."

"Tafiya ina, Madam?" in ji Inna Iyatu.

"Baranda. Ta je, ta dawo. Ta je, ta dawo. In ta gaji ta tsuguna. Yaro ba ya son gado, yana son a girgiza shi ya ga hanya."

Nafisatu ta ɗan ɗaga kai ta leƙa ta taga. Barandar cike take da mutane: maza masu jiran matansu, wata mai sayar da zoɓon yakuwa a robobi, 'yan moto biyu, masu haya da babur, suna gardamar ƙwallo. Ta mayar da kanta kan matashi.

"Ba zan iya ba," ta ce a hankali.

"Ƙafa tana ciwo?"

"A'a. In abin ya taso mini a gabansu fa?"

Madam Anne ta zauna a bakin gadon. "Saurara, ba tsoro nake ba ki ba. Dokta yana zuwa ƙarfe huɗu. In ya zo bai ga canji ba, zai rubuta takarda a kai ki babban asibiti a yi aiki."

Bara war haka aka kai Hadijatu, yayar Nafisatu, aiki, bayan ta kwana biyu tana naƙuda a gida. An makara. Ba ta dawo ba. Tun daga ranar ba a ambatar kalmar nan a gidan Inna Iyatu, ko da maganar wani ake yi.

Madam Anne ta san labarin. Ta dafa ƙafar yarinyar. "Aiki ba mutuwa ba ne. Na ga mata dubu an yi musu, sun tashi sun koma gida da yaransu. In ya zama dole, ni da kaina zan raka ki. Amma in ƙafa za ta iya, me ya sa wuƙa?"

Hawaye suka gangaro wa Nafisatu, amma ba ta motsa ba. Tsoron wuƙa na janta ta nan, kunyar idon jama'a na janta ta can. Inna Iyatu kuwa sai gyara mata zane take yi, tana cewa, "A bar ta ta huta, Madam. Ai shi ya sa muka zo da wuri, don a kwantar da ita a lura da ita." Ita a ganinta, wanda ya zo asibiti kwanciya ce tasa.

Madam Anne ta roƙa, ta yi faɗa da Faransanci, ta yi lallashi da Fulatanci. Har aka kira azahar Nafisatu na kallon bango.

Ana idar da salla sai ga moto ya tsaya a bakin ƙofa. Wani dattijo ya sauko da ƙyar, riƙe da buta a hannu ɗaya da kwalbar rubutu a ɗayan, ga buzu a kafaɗa. Malam Hamadu ne, mahaifin Taufiƙ. Ba al'ada ba ce suruki ya zo wurin haihuwa, balle ta jikan fari, kuma shi bai taɓa taka ɗakin haihuwa ba ko a kan nasa 'ya'yan. Amma Nafisatu ba baƙuwa ba ce a wurinsa. A zaurensa ta fara riƙe allo tana shekara biyar, shi ya koya mata alifun ba, shi ya raba ta da kuka ranar da tawada ta zube mata a sabuwar riga. Da ta auri ɗansa sai surukuta ta shiga tsakani. Shekara guda ke nan ba su haɗa ido ba, duk da cewa ita ke kai masa kunu kowace safiya.

Ya zauna a kan bencin da ke daf da ƙofar ɗakin, ya yi gyaran murya, ya ce, "Salamu alaikum."

Kafin Inna Iyatu ta amsa, Nafisatu ta riga ta sauko da ƙafafunta ƙasa. Ta dafa bango, ta gyara mayafi, ta taka har waje. Ta durƙusa a gabansa har ƙasa, kanta a sunkuye.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, 'yata. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Baba. Kun zo lafiya? Ya Hajiya? Ya makaranta?"

Ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya yana kallon silin. Ya miƙa mata kwalbar, ta karɓa hannu biyu, ta sha, ta miƙe, ta koma ta kwanta.

Madam Anne na tsaye a bakin ofishinta, hannu a ƙugu. Awa biyu tana fama, tsohon nan ya zo da sallama ɗaya ya ɗaga ta. Ta ƙaraso ta gaishe shi da Fulatanci.

"Modibbo, ina neman taimako."

"Ni? Ai ni ban san komai ba a aikinku."

Ta yi masa bayanin kan da bai sauko ba, da ƙarfe huɗu, da takardar dokta. Malam ya daina jan carbi.

"To me zan yi?"

"Ka ga ƙarshen baranda, wajen famfo? Koma can. Ka kira ta."

"In ce mata me? Mun gama gaisawa."

"Ka ƙirƙiro wani abu."

Malam ya dube ta kamar ta ce ya sha giya. "Madam, shekarata saba'in da ɗaya. Ban yi wa yarinyar nan ƙarya tana ƙarama ba, ba zan fara yau ba."

"To ka nemo gaskiya, Modibbo. Amma ka nemo ta da yawa."

Ya shafa gemu. Can ya ɗauki butarsa, ya taka har wajen famfo, ya shimfiɗa buzunsa. Madam Anne ta leƙa ɗaki.

"Nafisatu, Baba yana kira."

Taku arba'in ne daga gadon zuwa famfo. Ta yi su tana dafa kafaɗar Inna, ta tsaya sau ɗaya ta jingina da ginshiƙi har guguwar ciwon ta wuce. Ta durƙusa.

"Ga ni, Baba."

"Ɗazu na manta ban yi miki addu'a a ka ba. Matso."

Wannan gaskiya ne, ya manta. Ya yi addu'ar, ya ja ta yadda bai saba ba, ita kuwa tana tsugune. Da ya shafa, ta koma.

Ba ta gama gyara kwanciya ba aka ce yana kira. Yanzu ya koma gindin darbejiyar da ke tsakiyar fili.

"'Yata, tabarauna. Tun jiya nake nema. Ko kin gani da kika share ɗakin?"

"Yana kan akwatin littattafai, Baba, cikin hular da ba ku sawa."

"Af! Allah ya yi miki albarka. Je ki."

A hanyar komawa Inna Iyatu ta fara gunaguni ƙasa-ƙasa. "Malam dai yau ban san abin da ya shige shi ba. Mace na fama da kanta, shi tabarau ne ya dame shi." Suka yi taku kaɗan, sai ta tsaya cak, ta dubi yadda 'yarta ke jefa ƙafa, cikin yana rangaji. "Ke, ni fa ranar da na haife ki sai da na gama dakan gero. Turmi biyu. Na ajiye taɓarya ke nan na shiga ɗaki, kafin a kira maƙwabciya kin faɗo."

"Inna, shi ne ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kuma tun abin da ya faru bara, ni komai na gida tsoro yake ba ni." Ta share ido da bakin zane. "Kada ki koma gadon nan. Mu tsaya a nan mu jira shi, na san bai gama ba."

Bai gama ba kuwa. Kira na huɗu, in an lissafa da sallamar farko, daga bakin ƙofar asibiti ya zo, kusa da mai gadi. Malam ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Kunun gyaɗar nan da kike yi mini. Me kike sawa? Na Hajiya kullum sai ya yi kauri kamar za a yaɓa gini da shi."

Duk da halin da take ciki sai da Nafisatu ta danne dariya. "Tsamiya ce kaɗan, Baba, sannan ba na barin shinkafar ta narke."

"To. Maganar nan ta tsaya a nan. In ta kai kunnen Hajiya, ni ban faɗa ba." Ya tsaya, ya gyara. "Na faɗa, amma ban ce a kai ba."

Madam Anne ta tare su a baranda, ta ɗora abin sauraronta a kan cikin, ta kasa kunne. "Très bien. A ci gaba." Ta ba ta ruwa ta kurɓa. Ƙarfe uku saura kwata.

A kira na biyar Malam ya rasa abin faɗa. Ya koma wajen famfo, ta zo ta durƙusa, ya buɗe baki ya rufe. Ya dubi butarsa, ya dubi sama. Nafisatu ta ɗan ɗaga kai, ba har ta kai ga idonsa ba.

"Baba, Madam ce ta sa ku?"

Ya yi ajiyar zuciya. "Ita ce. Amma tabarau ɗin da gaske ya ɓata."

"Na sani, Baba."

"Yaron nan ya bar mini ke amana," ya ce, don bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba. "Ban iya komai ba sai zama. To zan yi ta zama, ke kuma ki yi ta zuwa. Kin yarda?"

"Na yarda."

Yanzu kam barandar duk ta gane abin da ake ciki. 'Yan moto sun bar gardamar ƙwallo. Mai yakuwa ta janye robobinta daga hanya. Wani mutum mai suna Gaston, wanda matarsa ke kwance a ɗakin ciki, ya ɗauko wa Malam kujerar roba yana bin sa da ita duk inda ya koma, Malam kuwa yana cewa, "Useko, na gode, buzuna ya ishe ni."

A kira na shida abin da take gudu ya same ta. Ta iso gindin darbejiya, ta durƙusa, ta buɗe baki za ta ce ga ni, sai wani ciwo ya taso wanda bai yi kama da na baya ba. Kamar an kama ƙugunta da hannu biyu ana son raba shi. Mayafin ya zame daga bakinta. Ta kai hannu ta damƙe gefen rigar Malam, ta saki ƙara, ƙara sosai, wadda aka ji har bakin titi.

Mutanen filin duk suka juyo. Inna Iyatu ta rufe baki da hannu. Nafisatu ta ji idanun mutane a bayanta kamar garwashi, ga hannunta a kan rigar surukinta, ta kasa saki. Ta gwammace ƙasa ta tsage.

Malam bai dube ta ba, bai kuma janye rigarsa ba. Ya gyara zama, ya ɗaga kai, ya fara karatu. Ba irin na ƙasa-ƙasa da yake yi da carbi ba. Muryar zaure ya ɗauko, wadda yake rufe hayaniyar yara sittin da ita. Ta cika filin, ta bugi bangon asibiti ta dawo. Da ciwon ya lafa ya sassauta. Da ya ji hannunta ya sake ƙanƙame rigar, ya sake ɗagawa tun kafin ta buɗe baki. Ta yi kukanta a cikin muryarsa, ba wanda ya iya rabe wanne ne wanne.

'Yan moto suka sunkuyar da kai. Gaston ya cire hularsa.

Da ta samu numfashi ta saki rigar, ta ga yadda ta cukurkuɗe ta. "Baba, ku yafe mini."

"Me kika yi? Ni karatu nake, ban ji komai ba." Ya shafa gemu. "Na ji kaɗan. Amma ba laifi ba ne. Tashi ki je ginshiƙin can ki dawo, sannan ki zo in gaya miki wani abu."

Kira na bakwai ke nan, amma ba ta kai gare shi ba. Tana isa ginshiƙin faya ta fashe, ruwa ya jiƙa mata ƙafafu. Madam Anne ta fito da gudu, ita da Inna suka tallabe ta zuwa ciki.

Ƙarfe huɗu da minti goma dokta ya iso, da takardunsa a hammata. Ya shiga, bai daɗe ba ya fito yana wanke hannu, ya wuce ɗakin gaba. Malam ya miƙe tsaye, bai san wa zai tambaya ba. Madam Anne ta leƙo da kanta kawai.

"Modibbo, kai ya sauko. Ba takarda. Zauna, yanzu aikina ne."

Malam ya yi la'asar a gindin darbejiya. Ya daɗe a sujada. Daga ɗakin ana jin muryar Madam Anne tana cewa, "Pousse! Tura, ma fille, tura!" da muryar Inna tana salati, da wata murya ta uku wadda yanzu ba ta ɓoye kanta. Rana ta yi sanyi, inuwar bishiyar ta kai bakin baranda, sai aka ji wani siririn kuka sabo fil.

Mace ce, mai gashi baƙi siɗik. Aka goge ta, aka naɗe ta a zanen da Inna ta zo da shi, aka ɗora wa uwar a ƙirji. Nafisatu ta sa hannu ƙarƙashin mayafi ta shafa cikinta daga sama har ƙasa. Ba ɗinki, ba bandeji. Ta dubi Inna, Inna ta dube ta, su biyun suka fashe da kuka ba tare da sun ambaci sunan kowa ba.

Madam Anne ta fita da jaririyar don a yi mata huɗuba. Malam ya karɓe ta, ya yi abin da ya kamata a kunnenta, ya mayar da sauri yana kallon gefe, wai shi kunyar jikan fari. Amma da ungozomar ta juya sai ya ce, "Dakata," ya ɗan ɗaga bakin zanen ya sake leƙawa.

Ya taka har ƙofar ɗakin, ya tsaya a bayan labule.

"Salamu alaikum."

Nafisatu ta yunƙura, ta fara neman ƙasa da ƙafarta. Madam Anne ta daka mata tsawa da harsuna biyu. Malam ya ji motsin gadon.

"Kwanta, 'yata," ya ce daga waje. "Kwanta abinki. Yau kin gaishe ni gaisuwar shekara guda."